Rigar Kawu da Ban Ɗaga Ba

Daga Allah muka fito, wurinsa za mu koma, kuma Kawu ya riga mu isa. Yau kwana arba'in.

An yi zaman makokinsa a Clichy-sous-Bois, a hawa na bakwai na dogon benen da ya zauna shekara da shekaru. Asansar, na'urar hawa bene, ta ƙi aiki kamar yadda ta saba, amma tsofaffi suka hau da ƙafa, suna riƙe da ƙarfen matakala, suna tsayawa a kowane hawa su mai da numfashi. Wani dattijo ɗan Mali da ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya ya kama hannuwana biyu, ya daɗe bai saki ba, yana maimaita magana guda da Faransanci: yanzu wa zai wanke mu? Wani Alhaji Bakano mai aiki a ofishin jakadanci ya ce Kawu ne ya wanke ƙanensa, ya kuma raka gawar har filin jirgi. Ɗaliban Nijar da suka sha cin tuwon gidan nan ran Lahadi sun cika kicin suna haɗa shayi. Maƙwabciyarsa, wata tsohuwa Bafaranshiya, ta zo da kek a faranti, ta tsaya bakin ƙofa tana kallon tulin takalma, ta rasa ko ta cire nata.

Ina zaune ina amsa gaisuwa ina kallon fuskokin tsofaffin nan. Ba baƙin ciki kaɗai na gani ba. Tsoro na gani, ƙuru-ƙuru. Kowannensu ya kwana da sanin cewa in ya faɗi a ƙasar nan akwai mutum ɗaya da zai zo da baƙar jakarsa ya rufa masa asiri. Mutumin nan ne muka binne.

Da jama'a suka ragu, 'yar Kawu ta ja ni gefe. Ita kaɗai ya haifa, a nan aka haife ta, Hausarta rabi Faransanci ce.

"Yaya, kai ka wanke shi. Dis-moi, ya sha wahala?"

Na ce, "A'a. Kamar barci yake."

Ƙarya na yi mata, a cikin gidan ubanta, jakarsa na rataye a bayan ƙofa. Saboda wannan ƙaryar nake rubutun nan, kuma don kada a manta irin mutumin da aka yi.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Ya bar Damagaram tun ba a haife ni ba. Ya yi sama da shekara ashirin a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, kudu da Lyon, ya fito da tari da bai taɓa rabuwa da shi ba, da tafin hannu mai faso kamar diddigen manomi. Da ya ajiye aiki ya kwashe iyalinsa suka koma gefen Paris. In an ambaci Lyon a gabansa sai ya yi tsaki ya ce garin ya ci huhunsa, ba ya fatan ya sake ganinsa ko a talabijin.

A can Saint-Fons ɗin ya fara wankan gawa. Wani abokin aikinsu ya mutu a gidan kwanan leburori, aka tara maza sun fi goma, babu wanda ya san ta inda ake farawa. Kawu ya ce kunyar da ya ji ran nan ta fi ta tsiraici. Ya je ya koya. Tun daga lokacin baƙar jakar nan ba ta taɓa barin bayan ƙofa ba: sabulu, kafur, almakashi, safar hannu, farin yadi a ninke, butar roba, da garin ganyen magarya da mahaifiyata ke aiko masa a hannun duk mai zuwa. Mutum ne mai doguwar gaisuwa, zai tambaye ka har lafiyar maƙwabtanka, amma in waya ta yi ƙara ya ji muryar mai kiran, kalma biyu ce: "Wane gida?"

Ba ya tafiya shi kaɗai. Yana da abokin wanka, wani dogon tsoho ɗan Tawa da muke kira Baba Ba'adare. Kullum cikin tsiya suke. Kawu ya ce masa mai magana kamar yana tauna goro da hanci, shi kuma ya ce wa Kawu, "Wanga Badamagare, in ka mutu sai na cuɗe ka da soson ƙarhe." Sai su yi dariya har tari ya sarƙe Kawu.

Na zo karatu na sauka a gidansa. Shekarata ta biyu aka yi zafin nan na 2003 da ya yi ta ɗaukar tsofaffi. Wayar gidan ba ta huta ba. Baba Ba'adare ya tafi gida ganin dangi, sai Kawu ya dube ni wata safiya ya ce, "Tashi ka riƙe mini buta." Ni da ko mushen kyanwa na gani a hanya sai na sake titi. Amma wa zai ce wa Kawu a'a?

Ɗakin ajiye gawar sanyi ƙalau, ni kuwa zufa nake. Na ga Kawu bai fara zuba ruwa ba. Ya ɗaga hannun mamacin ya dubi farce. Ya buɗe baki kaɗan ya dubi harshe. Sannan ya ce in kama kafaɗa, muka juya shi, ya tsaya yana duban bayan ya daɗe. Ban ga abin da ya gani ba, domin sanyin kafaɗar ya shiga hannuna ya hau har wuya, na saki butar ta faɗi, na fita a guje. A bakin titi ya same ni bayan awa guda, ina zaune a kan dakali ina rawar ɗari cikin wannan zafin.

Bai yi faɗa ba. A cikin bas ya ce, "Mushe Lissafi, mai gudun matattu." Lissafi nake karanta, mushe kuwa malam ke nan da Faransanci, sunan kuma ya bi ni har ya bar duniya. Can ya sassauta murya ya gaya mini abin da yake dubawa. Ya ce gidajen tsofaffi iri biyu ne. Akwai inda ake juya tsoho a kan gado, a ba shi ruwa, a yanke masa farce. Akwai inda ake barinsa kwance a gefe guda har fatar baya ta mutu ta buɗe. Daga gaba ba ka ganewa, domin ana sa masa riga mai guga, a taje masa gashi.

"In ka tambayi tsoho zai ce maka lafiya lau, haka aka rene mu," in ji shi. "Gawa ce ba ta iya cewa lafiya lau."

Bai taɓa faɗin gawar wane ya gani da me ba. Mai wanka ba ya fallasa. Abin da yake yi, sai ya je gidan mutanen da ke da tsoho a irin wancan wurin, ya yi gaisuwa, ya sha ruwa, in zai tashi ya ce, "Ku ɗauke tsohonku daga gidan nan." Ba ya ƙara ko kalma. Waɗanda suka san shi ba sa tambaya.

Ran Juma'a bayan masallaci shi da Baba Ba'adare suke zagaya gidajen da aka ajiye tsofaffinmu, da dabino a leda da abin yanke farce a aljihu. Na bi su sau biyu. Kawu zai zauna bakin gado, ya yi ta zolayar mutum, can sai ya ce, "Kai, rigar nan ta tattare, bari in gyara maka." Ya ɗaga ta baya, ya duba, ya sauke, hira ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Na ce masa, "Kawu, ba ka jin nauyi?" Ya ce, "Sa'o'ina ne, wace kunya ce tsakaninmu? Ku 'ya'ya ne ba ku iyawa, shi ya sa nake zuwa."

Rigimarmu ta faru a 2009, shekarar murar da ta zagaye duniya. Na gama karatu, na sami aiki a Lyon, a wani ofishi da ke tattara alƙaluman lafiya, na yi aure, muna zaune a Rillieux-la-Pape. Tsoro ya cika gari. A masallaci wasu sun daina ba da hannu, in mutum ya yi atishawa a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai a matsa a bar masa fili. Aikin da aka ba ni shi ne in gwada mace-macen gidajen tsofaffi yanki da yanki, in fitar da taswira. Inda aka fi mutuwa ja, inda aka fi tsira kore. Ina alfahari da taswirar nan, ba zan ɓoye ba.

Da babbar Salla na je Paris na buɗe wa Kawu ordinatar, wato kwamfuta, bayan an ci nama. Ya sa tabarau ya duƙa. Gefensu ja ne. Gefen da nake zaune kore shar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanda aka ɗauka a ambilans ya je ya cika a lopital, wato asibiti, a wane gida kuke rubuta shi?"

Tambaya ce mai kyau, na kuma san mai kyau ce. Amma ga ɗalibai zaune suna kallona, ga matata. Sai na ce, "Kawu, wannan fa ilimi ne. Kai ɗaiɗai kake gani, ni ƙasa guda nake dubawa."

Baba Ba'adare ya ajiye ƙashin da ke hannunsa. Kawu ya cire tabarau, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ce, "To, Mushe." Wata huɗu bai kira ni ba, ni ma girman kai ya hana ni. Ranar da ya kira, tambaya ya yi ko garin magaryar da aka aiko ta hannun wani ɗalibi ya iso wurina. Muka wuce wurin, ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba.

Shekaru suka shuɗe. Inna, matarsa, ta rasu. Wata safiya ya faɗi a banɗaki yana alwala. Ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi, sai kalmomi uku suka rage masa: alhamdu lillahi, lafiya lau, da to. Hawa na bakwai ya gagara. 'Yarsa na aikin karɓa-karɓa, ga yara biyu. Aka ce sai gidan tsofaffi. Mu da muke zagin Turawa a kan wannan, ga mu zaune da jerin sunayen gidaje a takarda.

Baba Ba'adare ya ce a kai shi wani tsohon gida da ke ƙarshen layin bas ɗinsu. Na je na gani. Fentin ya koɗe, ko'ina warin miyar kabeji. Na koma na duba alƙaluma. A sanyin da ya wuce an yi mutuwa sosai a gidan nan, kuma yankin har yanzu ja ne. Kusa da mu kuwa akwai wani sabon gida mai furanni a baranda, cikin yanki kore, da ƙyar ka ji an ce wani ya mutu a ciki.

"Wanga yaro, saurara," in ji Baba Ba'adare a waya. "Gidan ga da kake tsoro, mu munka wanke mutanensu. Kawunka da bakinai ya ce bayansu kamar na jarirai. Ana mutuwa ciki don ba a korar mutum in ya kusa."

Na ce na ji. Ban ji ba. Tsoro ne ya zaɓa mini, na ɗauka ilimi ne. Ina ganin in na kai shi inda ba a mutuwa, ba zai mutu ba. 'Yarsa ta ce, "Yaya, kai ka san waɗannan abubuwa," ta sa hannu a takarda. Ranar da za a sa shi a mota na durƙusa na ce, "Kawu, Lyon za mu, kusa da ni." Ya rufe ido. Hawaye ya bi ta gefen da bai shanye ba. Ya ce, "To."

Ina zuwa Laraba da Asabar, ban taɓa fashi ba, in wannan zai zama mini hujja. Da farko nakan same shi a kujera bakin taga. Daga baya kullum a gado, rigingine, riga da guga, hula a kai.

"Kawu, ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Ya jiki?"

"Alhamdu lillahi."

Wata rana ɗaya daga cikin masu kula da su, mace mai idanun gajiya, ta tare ni a hanya. Ta ce tsohonku ba ya yarda mu taɓa shi. In mun zo juya shi ko yi masa wanka sai ya riƙe bargo da hannun hagu yana ihu. Namijin da ke cikinsu sau biyu yake zuwa a sati. Ta ce me za su yi? Ni kuma, ni da na san Kawu, na san mutumin da ko 'yarsa ba ta taɓa ganin kansa ba hula ba, sai na ji tausayinsa. Na ce mata, "Al'adarmu ce, madam. Kada ku tilasta masa." Ta ɗaga kafaɗa, ta rubuta a takardarta. Da bakina na faɗa, da Faransancina mai kyau.

Akwai abin da ya fi wannan. A watannin ƙarshe, in na zauna kusa da shi, sai ya kama wuyan hannuna da hannunsa na hagu, ya ja shi zuwa ƙarƙashin haƙarƙarinsa, yana kallona. Sai in ce, "Matashin ne, Kawu?" In gyara matashi. Ya sake ja. In sake gyarawa. Har ya gaji ya saki, ya juya ido ga bango.

Na sha gaya wa kaina cewa ban gane ba. Na gane. Wani wuri can cikin raina na san abin da yake nufi tun ran farko. Amma ni ɗan 'yar'uwarsa ne. Ban taɓa zama a kujera yana ƙasa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, ta yaya zan ɗaga masa riga? Kunya ce, gaskiya ne. Amma a ƙarƙashin kunyar tsoro ne, irin wanda ya sa na saki buta. Ina tsoron abin da zan gani. Da na fara jin wani wari a ɗakin, turaren wuta na kawo, aka ce an hana hayaƙi, na sayo na fesawa.

Sai sanyi ya shigo da muguwar mura. Wata Laraba na tarar da takarda manne a ƙofa: an rufe gidan, ba ziyara sai abin da hali ya yi. Sati uku. Kowace rana in na tashi daga aiki sai in je in tsaya a wurin ajiye motoci ina kallon tagarsa a hawa na biyu, labule a sauke. In kira, a ce yana nan, yana hutawa. Ina tsayen nan na lura da wani abu. Ambilans na shiga tana fita, yau ɗaya, gobe biyu. Motar ɗaukar gawa kuwa ban gan ta ba ko sau ɗaya.

Tambayar Kawu ta ranar Salla ta dawo mini da muryarsa, har da tarin. Washegari a ofis na buɗe abin da ya kamata in buɗe tun shekaru: waɗanda suka cika a asibiti, daga ina aka kawo su. Ban daɗe ina nema ba. Gidan mai furanni ba ya bari a mutu a cikinsa. Da mutum ya fara sauka sai a kira mota. Mutanensu na mutuwa kamar na kowa, a wani gadon ne kawai, a wani shafin. Na kifa kaina a kan tebur. Abokin aikina ya tambaye ni ko mura ce ta kama ni, ya ja kujerarsa baya.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, aka kira ni: an kai shi asibiti, zazzaɓi. Na same shi a kan gadon da ake turawa a baranda, cikin layin tsofaffi masu tari, an rufa masa bargo har haɓa. Likitan, wani matashi, ya ce ba mura ba ce, cuta ce ta shiga jini. Ya dube ni ya ce, "Kai ne iyalinsa? Tun yaushe yake da wannan a..." Na katse shi, na ce ina so in ga Kawu tukuna. Ban koma wurinsa ba. Har a nan gudu nake.

Washegari bayan azahar ya cika. Ina riƙe da hannunsa na hagu, ina faɗa masa kalmar shahada a kunne, leɓensa na motsi. Wannan kaɗai nake da shi da zan riƙe. Bai tafi shi kaɗai ba.

Baba Ba'adare ya hau jirgin ƙasa daga Paris da baƙar jakar a kan cinya. Da na tarye shi a tasha bai yi mini gaisuwar mutuwa ba ma, ya ce, "Wanka mutum biyu ne. Kai za ka riƙe buta." Na ce akwai mutane a masallacinmu da suka iya. Ya ce, "Na sani. Kai za ka riƙe."

Ɗakin irin wancan ne, sanyi ɗaya, fitila ɗaya. Baba Ba'adare ya ɗaga hannun Kawu na dama, wanda ya shanye, ya buɗe yatsun da suka dunƙule. Farcen ya yi tsawo har ya shiga tafin. Ya dubi baki. Sannan ya ce, "Kama kafaɗa."

Muka juya shi. Akwai bandejin da asibiti suka manna a ƙasan baya. Ya ɓanɓare shi a hankali, kamar mai tsoron kada ya ji zafi. Miki ne ya kai faɗin tafin hannuna, ya yi zurfi, bakinsa baƙi. Wani a kafaɗa. Dugadugai biyu duk sun buɗe. Ba na kwana uku ba ne, ba na sati uku ba. Yana nan lokacin da nake gyara matashi.

Ban saki butar ba. Ban san dalili ba, hannuna ya ƙage a kanta. Ina zuba ruwa kaɗan-kaɗan, Baba Ba'adare na wankewa da ruwan magarya yana cewa, "Sannu, Badamagare. Sannu, abokina. Wasa nike, ba soson ƙarhe." Muka gama, muka sa kafur, muka naɗe shi a yadin da shi da kansa ya ninke ya ajiye a jakar. Da muka fito ya ce mini, "Abin da ka gani, ka gani."

Muka mai da shi gefen Paris, muka binne shi a sashen Musulmi, ba nisa da Inna. Aƙalla bai kwanta a Lyon ba.

Na je wurin limaminmu na tambaye shi ko ya halatta in faɗi abin da na gani, tunda mai wanka ba ya fallasa. Ya ce abin da aka hana shi ne tona aibin mamaci. Ya ce, "Wannan aibin na wane ne?" Na ce nawa. Ya ce to.

Shekaranjiya na kira 'yar Kawu na gaya mata duka: taswirar, maganar da na yi wa matar nan mai kula da su, hannun da yake ja. Ina jin yaranta na wasa a bayanta. Sannan ta kashe wayar. Ba ta kira ba har yanzu, kuma duk ƙarar da salulata ta yi sai in yi sauri in duba ko ita ce.

Ubangiji, bawanka ne da ya rufa asirin bayinka a ƙasar da ba tasu ba, ka rufa nasa. Abin da ya sha a gadon nan yana cewa lafiya lau, ka sa ya zama kankarar zunubi. Ka haɗa shi da waɗanda ya wanke, su tarye shi. Ni kuma ka ba ni bakin da zan roƙe shi gafara ranar da za mu haɗu, domin ina tsoron ranar nan.

Abu ɗaya ya rage in faɗa. Ranar uku, da aka tashi daga makoki, na raka Baba Ba'adare zai tafi gida. Asansar ba ta gyaru ba. Muna sauka a hankali, shi a gaba, ni a baya da jakar, domin ya ce tawa ce yanzu, ban kuma iya musu ba. A hawa na huɗu ya tsaya, ya dafa bango yana haki. Babu kowa a matakalar.

"Ni ba ni da ɗa a ƙasar ga," in ji shi, bai juyo ba. "Ƙahwahuna sun fara ƙiya. Bana ko baɗi za a kai ni gidan tsofaffi. In ka zo, zan ce maka lahiya lau. Kada ka yarda."

Na ce, "To, Baba."

"To ɗin nan na san ta. Kawunka ma ya ji ta." Ya gyara tsayuwa, ya ba ni baya sosai, ya dafa bangon da hannu biyu. "Aje jakar. Ɗaga."

"Baba..."

"Na yahe maka kunyar. Ɗaga, ka koya tun ina tsaye."

Na ajiye jakar a kan matakala. Na kama gefen rigarsa, da 'yar shara, da rigar sanyin da ke ciki, na ɗaga har kafaɗa. Bayan tsoho ne, ƙasusuwa a jere, fatar ta yi laushi ta tattare, amma ba ko ƙwarzane.

"Mi ka gani?"

"Lafiya lau, Baba."

"Da ido kaɗai? Sa hannu."

Na sa tafin hannuna a tsakiyar bayansa. Da ɗumi.